Na Biya Kuɗin Gida, Saura Me? Tambayoyi da Amsoshi Kan Rajistar Mallaka

Yawancin masu sayen gida ko fili suna sauke ajiyar zuciya ne ranar da aka ƙirga kuɗi aka miƙa makulli. A ganina ranar ce aka shiga kwanaki mafi haɗari a cinikin, domin kuɗinka sun bar hannunka, sunanka kuma bai hau littafin hukuma ba. Tambayoyin da ke ƙasa su aka fi yi mini a shekarun da na yi ina bin takardun filaye. Dokar ƙasa ta sha bamban daga wannan ƙasa zuwa waccan, wani lokaci ma daga jiha zuwa jiha, saboda haka duk inda na kawo misali zan faɗi inda ake yin haka.

Na biya kuɗi cif, an ba ni makulli da takardar ciniki. Ashe gidan bai zama nawa ba?

Tsakaninka da wanda ya sayar maka, magana ta ƙare. Ya karɓi kuɗi, ba shi da bakin cewa gidan nasa ne. Sai dai ba ku biyu kaɗai ba ne a duniya. Akwai bankin da zai iya zuwa gobe ya jinginar wa da gidan. Akwai mai bin sa bashi da zai kai shi kotu, da magadansa idan ta Allah ta kasance, da kuma mai saye na biyu wanda bai san da zamanka ba. Babu ɗaya daga cikinsu da ya ga takardar da ke ƙasan akwatinka. Littafin hukuma za su duba, kuma sunan da ke ciki har yanzu na tsohon mai gida ne.

A Jamus mallaka ba ta komawa hannun mai saye sai an rubuta sunansa a littafin ƙasa da ke ajiye a kotun yanki. Kafin nan, ko ka tare da iyalinka, gidan na wancan ne a idon doka. A Ingila ma cikakkiyar mallaka ba ta sauka a kanka sai an canza suna, idan gidan ya riga ya shiga rajista. Faransa ta bi wata hanya: mallaka na komawa tun lokacin da kuka daidaita kan kadara da farashi, amma ba za ka iya kafa hujja da ita a kan wani na uku ba sai an shigar da cinikin a ofishin shelar filaye, bisa dokar 4 ga Janairun 1955. Ko ta ina ka bi, a ofishin rajista za ka ɓulla.

Rajistar iri ɗaya ce a ko'ina?

Iri biyu ce, kuma ya kamata ka san wadda ake yi a inda ka saya tun kafin ka ba da kafin alƙalami.

Ta farko ita ce rajistar takardu. Ofishi zai karɓi takardar cinikinka, ya buga mata lamba da kwanan wata, ya ajiye kwafi. Bai ce cinikin ingantacce ne ba. Shaida kawai ya yi cewa takarda kaza ta iso ranar kaza. In kana son sanin ko mai sayarwa yana da abin da ya sayar, sai ka bi salsalar takardun baya: wa ya sayar masa, shi kuma wancan daga wa ya samu, har can sama. Inda igiyar ta tsinke a tsakiya, duk wanda ke rataye ƙasa da wurin ya faɗo. Haka ake yi a mafi yawan Amurka, inda kowace gunduma ke da nata ofishin ajiye takardu.

Ta biyu ita ce rajistar mallakar kanta. Kowane fili yana da shafinsa da lambarsa, an rubuta mai shi, girmansa, da duk wani nauyi da ke kansa, kamar jingina ko hanyar da maƙwabci ke da haƙƙin bi. Wanda sunansa ke shafin, shi ne mai fili. Wannan tsari ya yi suna ne daga Ostireliya ta Kudu, inda Robert Torrens, tsohon shugaban kwastan na yankin, ya tsaya kai da fata har aka yi dokarsa a 1858. Masana sukan kwatanta shi da madubi da labule: shafin madubi ne da ke nuna halin filin kamar yadda yake, kuma labule ne da aka sake a kan tsofaffin takardu, ba sai ka tono su ba. An ƙara da alkawarin cewa wanda kuskuren rajista ya cutar, hukuma za ta biya shi diyya. Faransa ta kai irin wannan tsari ƙasashen da ta mulka a Afirka ta Yamma, ta sake tsara shi da dokar 26 ga Yulin 1932. Ingila kuwa ta buɗe ofishin rajistarta tun 1862, amma sai a 1990 tilasta rajista bayan ciniki ya game ƙasar da Wales baki ɗaya. Ka ga ko a can ba dare ɗaya aka yi abin ba.

Yaushe ya kamata in kai takardun? Akwai wa'adi?

In da hali, ranar da aka sa hannu. A Indiya dokar rajista ta 1908 ta ba da wata huɗu daga ranar sa hannu. A Ingila, gidan da bai taɓa shiga rajista ba, wata biyu aka ba mai saye, in ya wuce ba tare da uzurin da aka karɓa ba, mallakar doka ta koma kan mai sayarwa a matsayin amana, sai an sake sabon lale. Wasu ƙasashen tara suke ɗorawa a kan harajin takarda idan aka makara.

Amma kada wa'adin doka ya ruɗe ka. Wa'adin gaskiya shi ne kafin wani ya riga ka. A jihohin Karolina ta Arewa da Luwiziyana na Amurka, idan aka sayar wa mutum biyu fili ɗaya, wanda ya fara kai takardarsa ofis shi ke da fili, ko da ya san an riga an sayar wa wani. A yawancin sauran wurare sai na biyun ya kasance bai sani ba kafin doka ta kare shi, to amma tabbatar da abin da ke zuciyar mutum a gaban alƙali aiki ne.

Na taɓa tsayawa a layin wani ofishin rajista. Magatakarda yana buga wa kowace takarda hatimi mai kwanan wata, sannan ya ɗaga kai ya dubi agogon bango, ya rubuta ƙarfe da minti da biro a gefen hatimin. Wani dattijo da ke gabana ya yi tsaki, wai ana ɓata wa mutane lokaci. Wannan mintin da ya raina shi ke raba gardama ranar da takardu biyu suka zo kan fili ɗaya.

To tsakanin biya da fitowar rajista fa? Ai aikin ofis yana ɗaukar watanni.

Nan ne ƙwarewar lauyanka za ta fito. Ƙasashe da yawa suna da hanyar kama layi. A Jamus, da zarar an sa hannu gaban notare, wato jami'in da doka ta ba ikon rubuta yarjejeniya da tabbatar da ita, sai a sa alamar riƙe wuri a shafin gidan, kuma galibi mai saye ba ya sakin kuɗi sai notare ya sanar da shi alamar ta hau. Duk abin da mai sayarwa ya yi da gidan bayan haka ba ya tasiri a kanka. A Ingila ana yin binciken ƙarshe a rajista dab da biya, wanda ke ba ka fifiko na kwanakin aiki 30. A ƙasashen da ke bin tsarin Torrens ana shigar da takardar gargaɗi, wadda ke hana rubuta wani ciniki a shafin ba tare da an neme ka ba.

Inda babu irin wannan, kare kanka da kuɗinka. A rubuta a yarjejeniya cewa wani kaso zai zauna a hannun lauya ko banki har sai mai sayarwa ya sa hannu a duk takardun da ofis ke nema. Mutumin da ya karɓi kuɗinsa duka, wayarsa takan daina shiga.

Waɗanne takardu zan tanada?

Ofishin da za ka je shi zai ba ka jerin nasa, amma ƙashin bayan ba ya canzawa. Akwai takardar miƙa mallaka da ku biyu da shaidu kuka sa wa hannu, wadda ta bambanta da rasit. Rasit cewa yake an biya kuɗi, ita kuwa cewa take wane ya miƙa wa wane kadara kaza. Akwai takardar mallakar mai sayarwa, taswirar awon fili mai hatimin safiyo da hukuma ta amince da shi, katin shaidar kowannenku, da shaidar biyan haraji da kuɗin ƙasa na baya. Idan kamfani ne ya sayar, a nemi shaidar cewa wanda ya sa hannu yana da ikon yin haka.

Shawarata ɗaya ce a nan: duk abin da ke buƙatar hannun mai sayarwa ko hotonsa, a gama shi a zama ɗaya, kafin kuɗi su tashi daga asusunka.

Mai sayarwa ya damƙa mini asalin takardar mallakarsa. Ai shi ke nan ko?

Ka duba sunan da ke jikinta. Nasa ne. Riƙe ta yana rage masa hanyar yin zamba, amma bai toshe ta ba, don yana iya zuwa ya yi rantsuwa cewa ta ɓata, a ba shi wata.

Najeriya misali ce mai kyau a nan. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha amana a hannun gwamna, abin da mutum ke riƙe da shi haƙƙin zama ne, galibi na shekara 99, wanda takardar da kowa ke kira C of O ke shaidawa. Sashe na 22 ya ce ba a sayar da wannan haƙƙi ko jinginar da shi sai da amincewar gwamna, sashe na 26 kuma ya ce abin da aka yi saɓanin haka ɓatacce ne. A shari'ar Savannah Bank da Ajilo, a 1989, Kotun Ƙoli ta rushe jinginar banki sukutum saboda rashin wannan amincewa. Idan banki da lauyoyinsa suka yi asara a kan wannan, kai da ka ajiye C of O mai sunan wani a durowa sai ka yi wa kanka hisabi. Abin da ke zama hujjarka shi ne takardar miƙa mallaka wadda gwamna ya amince da ita, aka biya mata harajin kan sarki, aka yi mata rajista.

Dillali ya ce in karɓi takardar wakilci kawai, ta fi sauƙi da araha. Yaya kake gani?

Dillali la'adarsa yake so ta fito yau. Wakili ɗan aike ne, ba mai kaya ba. Takardar wakilci tana ba ka ikon yin abu a madadin mai gida, sunansa kuwa yana nan daram a rajista. Wakilci na yau da kullum yana faɗuwa da mutuwar wanda ya ba da shi, kuma yana iya janye shi. Ko irin wanda aka rubuta cewa ba ya janyuwa, bai mai da kai mai gida ba. A Indiya abin ya yi yawa har Kotun Ƙoli ta yanke a 2011, a shari'ar Suraj Lamp, cewa sayar da gida ta hanyar wakilci ba ya miƙa mallaka. Ana iya karɓar wakilci a matsayin tsani, don ka bi takardun da kanka ba sai ka yi ta neman mai sayarwa ba. Zama a kan tsani ne ba a yi.

Nawa zan kashe? Kuma in mun rubuta farashi ƙasa da na gaskiya don haraji ya ragu fa?

Galibi kaso ne na darajar kadarar. A Jamus harajin sayen gida yana tsakanin kashi 3.5 zuwa 6.5 cikin ɗari gwargwadon jiha, kuma ba a rubuta sunanka sai ofishin haraji ya ba da shaidar ka biya. A Dubai kashi 4 ne. Ga kuɗin lauya ko notare, ga na safiyo. Ka sa wannan cikin lissafin sayen tun farko. Yawancin waɗanda suka ƙi yin rajista ba taurin kai ba ne, sun zuba duk abin da suke da shi ne a farashi, suka ce sai an samu sarari.

Batun rage farashi a takarda kuwa, ban taɓa ba wani shawarar yi ba. Laifi ne, wannan ɗaya. Sannan kai mai saye kai ne a ƙasa. Idan ciniki ya warware, adadin da ke rubuce shi za ka iya nema a kotu, sauran sai dai ka bar wa Allah. Ranar da za ka sayar, inda ake karɓar haraji a kan riba, za a ga ka ci ribar da ba ka ci ba. A Jamus yarjejeniyar da aka rubuta gaban notare da farashin ƙarya ɓatacciya ce. A Faransa akwai yankunan da ƙaramar hukuma ke da haƙƙi irin na shufa'a, tana iya shiga gaban mai saye ta karɓi gidan a farashin da aka bayyana mata. Ban da haka, ofisoshi da dama suna da masu ƙiyasta daraja nasu, ba ruwansu da abin da kuka rubuta.

Filin da na saya bai taɓa shiga rajista ba. Ta ina zan fara?

Wannan rajistar farko ce, kuma ta fi tsawo domin a nan ne hukuma ke tantance asali. Za a auna filin a kafa duwatsun iyaka, a kira maƙwabta su tsaya a ga iyakar a gabansu, a yi shela na wani lokaci don mai ja ya fito. Kada ka ji haushin shelar. Gara mai ƙorafi ya fito yanzu da ya fito bayan ka kai gini linta. A tsarin da ƙasashen renon Faransa suka gada, takardar da ke fitowa bayan wannan mataki ana ɗaukarta yankakkiya, da wuya a sake tayar da ita.

A Nijar, dokar karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin filaye, waɗanda daga baya suka kai har matakin ƙauye, suna ba da takardun shaidar sayarwa, kyauta ko riƙon gargajiya. Ruwanda kuwa ba ta jira mutane su zo ba. Tsakanin 2009 da 2013 ta bi ƙasar gona-gona da hotunan sama, ta yi wa filaye sama da miliyan 10 rajista.

Ranar awo ka je da ƙafarka. Na ga takarda mai kyau, hatimi ko'ina, amma lambobin taswirar na filin da ke bayan wanda aka nuna wa mai saye ne. Ya yi katanga a filin wani.

Mai sayarwa ya rasu kafin mu kammala. Kuɗina sun tafi ke nan?

Ba su tafi ba, idan kana da rubutacciyar yarjejeniya da shaidar biya. Alkawarin mamaci yana hawa kan dukiyar da ya bari, kuma wanda kotu ta ba ikon kula da gadon shi zai sa hannu a madadinsa. In sun ƙi, kotu na iya tilasta su. Wahalar dai ba kaɗan ba ce. Wani da na yi wa aiki ya jinkirta shekara uku yana cewa ai mai gidan mutumin kirki ne, ba zai ci amana ba. Bai ci ba kuwa, rasuwa ya yi. Ya bar magada tara, ɗaya yana ƙasar waje, ɗaya bai balaga ba, biyu kuma suka ce su ba su taɓa jin an sayar ba. Abin da sa hannu ɗaya zai gama ya koma zaman kotu.

Haka nan idan daga magada kake saye, babban wa shi kaɗai ba ya sayar da abin da ba a raba ba. Nemi takardar rabon gado ko ta ikon kula da shi, kuma duk mai kaso ya sa hannu.

Bincike ya nuna akwai jinginar banki a kan gidan. In fasa?

Ba lallai ba. Gidaje da yawa da jingina a kansu ake sayar da su. Abin da za ka sani shi ne jingina gidan take bi, ba mutumin ba. A nemi banki ya rubuto abin da ya saura, a biya shi kai tsaye daga kuɗin ciniki, ya ba da takardar saki, a kai ta rajista a goge jinginar. Kada ka ba mai sayarwa kuɗin a hannu da sunan zai je ya biya.

Ni da maigidana muka haɗa kuɗi, amma ya ce a sa sunansa kawai don sauƙi. Akwai matsala?

'Yar'uwa, sauƙin na yau ne. Ba sai an yi zargin kowa ba. Ki tuna rajista ba ta san wanda ya kawo kuɗi ba, sunan da aka ba ta kawai ta sani. Idan ya rasu, gidan gaba ɗaya zai shiga gadonsa, ke kuma ki koma neman shaidu a kan kuɗinki. Idan bashi ya hau shi, gidan duka masu bashi za su nufa. A sa sunayen biyu, a rubuta kason kowa, rabi da rabi ne ko kashi uku da ɗaya.

Ki kuma tambayi irin tarayyar da za a rubuta. A dokar Ingila da ƙasashen da suka gaje ta akwai tarayyar da idan ɗaya ya rasu, kasonsa ke komawa ga wanda ya rage kai tsaye, akwai kuma wadda kason kowa ke tafiya ga magadansa. Kalma ɗaya a fom ce ke raba su, kuma ga mai son a raba dukiyarsa bisa ƙa'idar gado, bambancin babba ne.

In an yi mini rajista, babu wanda zai iya ƙwace gidan ke nan?

A tsarin rajistar takardu, rajista ba ta wanke ƙazanta. In wanda ya sayar maka da takardar jabu ya samu, taka ma ba ta da tushe, ko da hatimi goma ne a kanta. Shi ya sa a Amurka masu saye ke yankar inshorar mallaka, bankuna ma suna sa ta sharaɗi kafin su ba da rance.

A tsarin Torrens kariyar ta fi ƙarfi, har takan ba mutane mamaki. A shari'ar Frazer da Walker daga Niyu Zilan, wadda aka yanke a 1967, mata ce ta ƙirƙiri sa hannun mijinta ta jinginar da gonarsu, aka sayar da gonar, kotu kuma ta bar wa mai sayen da ya yi rajista bai san komai ba. Amma wanda ya yi zambar da kansa, ko aka yi da saninsa, rajista ba ta kare shi a ko'ina.

Akwai kuma haƙƙoƙin da ke cin mai saye ko ba a rubuta su ba. A Ingila, mutumin da ke zaune a gida a zahiri kuma yana da haƙƙi a cikinsa, haƙƙin nasa na iya bin ka ko shafin bai ambace shi ba. Saboda haka duba littafi ba ya ɗauke maka zuwa ka ƙwanƙwasa ƙofa ka tambayi wanda ka tarar: kai wane ne a gidan nan? Wanda bai yi haka ba ya yi cinikin biri a sama.

Gidan bene ne da ba a gama ginawa ba, ina biya kashi-kashi. Me zan yi wa rajista?

Tukuna babu gida, alkawari ka saya. Duba ko filin da ake ginin yana da rajista da sunan kamfanin, ko an jinginar da shi, da kuma ko an ba da izinin raba ginin gida-gida ta yadda kowa zai samu takardarsa. Dubai ta yi doka a 2008 da ta tilasta shigar da irin wannan ciniki a rajistar wucin gadi. Inda babu makamancin haka, aƙalla a yi wa yarjejeniyarka rajista in doka ta ba da dama.

Ni baƙo ne a ƙasar da na saya. Za a rubuta sunana?

Tambayar da ake yi kafin biya ce. Tsarin mulkin Gana na 1992 bai yarda baƙo ya riƙe ƙasa fiye da hayar shekara 50 a lokaci guda ba, na Kenya na 2010 kuma ya tsayar a shekara 99. Sa sunan wani ɗan ƙasa don kauce wa doka yana nufin gidan nasa ne.

Takarda ta fito. Akwai sauran aiki?

Kafin ka bar ofis, zauna ka karanta ta harafi-harafi. Sunanka ya zo daidai da na katin shaidarka? Harafi ɗaya da ya bambanta, ko sunan mahaifi da aka sa a gaba maimakon baya, yana iya tsayar da kai ranar da za ka sayar ko ka nemi rance. Duba lambar fili, girmansa, da ko an goge tsohuwar jingina. Gyara a makon farko takarda ɗaya ce, bayan shekara goma kuwa sai rantsuwa da shaidu. Bayan 'yan makonni ka sake biyan kuɗin bincike kamar baƙo, ka ga da idonka sunan wa shafin ke nunawa. Takardar hannu ana iya buga ta a ko'ina, shafin ofis shi ne abin dogaro.

Sai ka canza suna a ofishin harajin gida da na kuɗin ƙasa, domin a wurare da yawa littafinsu daban ne, kuma ba sa jin labari daga rajista. Ka bar adireshi da lambar da za a same ka, ka sabunta su in ka ƙaura. A Ingila, wanda ya mamaye fili mai rajista shekara 10 yana iya neman a mai da shi sunansa, amma sai an aika wa mai filin sanarwa, in ya yi ja galibi buƙatar ta faɗi. Wanda sanarwar ta je tsohon adireshinsa bai gani ba, shi ke asara. Ofishin rajistar can yana da tsarin aika saƙon imel kyauta duk lokacin da wani ya taɓa shafin gidanka. In akwai irinsa a inda kake, shiga.

In takardar ta ɓata ko ta ƙone fa?

Mallakarka ba ta ƙone ba, tana littafin ofis. Za ka kai rahoto ga 'yan sanda, ka yi rantsuwa, a wasu wuraren a buga sanarwa a jarida, sannan a ba ka kwafi mai hatimi. Ka gaggauta sanar da ofishin rajista don kada wanda ya tsinta ya riga ka zuwa. Tun yau ka ɗauki hoton kowane shafi, har da bayan takardar inda aka buga lambar rajista, ka ajiye kwafi ɗaya a wani wuri da ba gidan ba, kuma ka gaya wa mutum ɗaya cikin iyalinka inda asalin yake.